Ruwan da Ba Majina Ba

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ya same ni da jikana a Dakko shekara biyu da suka wuce. Na sha ba da labarin nan da baki, har maƙwabta in sun ga na gyara zama sai kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wadda ba ta ji ba ta ji.

Ni mutuniyar Faru ce ta ƙasar Maradun, aure ne ya kawo ni Talata Mafara, kuma tun da na zo ban cika fita ba. Ɗakina da tsakar gidana da kajina sun ishe ni. Ɗiyata ce take aure a Dakko ta Bakura, ɗanta na fari kuma tun da aka yaye shi yake hannuna. Kin san ɗan fari a wurinmu. Uwar ba ta kama sunansa, uban in ya gan shi sai ya kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ni ce uwa, ni ce uba. Ina kiransa maigida, shi kuma yana ce mini tsohuwa, kullum cikin yi mini barazanar zai sake ni ya auro mai haƙora. Shekararsa bakwai a lokacin.

Da bazara, ana tsakar cire albasa, uwarsa ta haihu, muka tafi tun saura kwana biyu suna. Ranar da muka isa, da la'asar, amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gida da buhunan albasa daga fadama. Yaran gari suka hau, maigida ya ga ba za a bar shi baya ba, ya haye har ƙololuwa ya miƙe tsaye. Sa guda ya zabura. Maigida ya faɗo ta fuska, goshinsa ya sami wani dutse da maza ke zama a kai.

Ina cikin gida ina tankaɗe, ban gani ba, amma na ji. Ƙarar kamar an saki kabewa a kan daɓe. Abin da ya ɗaga ni tsaye kuwa shi ne shirun da ya biyo baya, don yaro in ya faɗi kuka yake yi.

Aka shigo da shi a sanƙame, aka sheƙa masa ruwa, ya buɗe ido, ya fasa kuka. Ya yi amai sau ɗaya. Ɗan haɓo ya zo ya tsaya. Muka duba kai kaf, ba tsaga, sai ƙulu a goshi kamar ƙwan zabo. Aka matsa hannu, aka matsa ƙafa, ba karaya. Na gasa masa goshin da ruwan zafi, na danna ƙulun da bayan cokali, na shafa man kaɗanya, aka ba shi farasitamol. Mata suka yi ta barka, suna cewa Allah ya tsare tun da ba jini ba karaya. Mu dai rauni a wurinmu shi ne abin da ido ya gani. Ba wanda ya ambaci asibiti, har ni.

Washegari ya wuni kwance yana cewa kansa na ciwo, hancinsa kuma yana ɗiga. Na ce mura ce, ruwan da aka sheƙa masa ne ya kama shi. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar yaro da majina, ballantana a gidan surukai, ga baƙi na shigowa. Da na ga ta leƙo sai in kama gefen zane in riƙe hancin in ce fyace. Ya fyace. In ce da ƙarfi, kamar namiji. Ya ƙara. Ban san sau nawa na yi masa haka a ranar ba. Ya ce mini yana jin gishiri a maƙogwaro, na ce hawayensa ne yake haɗiya. Ya ce in ya fyace yana jin wani abu na yi masa ƙul-ƙul a cikin kai. Maganar ta tsaya mini a kunne, amma ga tuwon suna a gabanmu, na ce lalaci ne, ba ya son fyacewar.

Da safiyar suna na tashe shi in yi masa wanka, sai na ga idanunsa biyu sun yi baƙi zagaye. Nan take na yanke hukunci: ya shiga ɗakin mai jego ya sami tandun kwalli. Na ce masa angon nawa kwalliyar suna ya yi ke nan, wa zai burge. Ya rantse bai taɓa ba. Na sa soso da sabulu na murza, baƙin bai ko motsa ba, sai ma kumburi da na ji a ƙarƙashin yatsana. Uwar tana daga ɗaki tana jin mu, ba damar ta tambaya kai tsaye, sai ta ce, "Inna, wancan yaron naki ya ci wani abu kuwa?" Na ce ta ji da jaririyarta.

Bayan an raɗa suna wanzami ya shigo askin jaririya. Dattijo ne sa'ana, mai yawan barkwanci, shi ya yi wa uban yaran askin suna. Ni aka ba riƙon jaririyar. Maigida ya zo ya raɓa a jikina ya sunkuyar da kai, sai ga ɗigo ya faɗo a kan zanena. Na zare hannu guda na kai hancinsa.

"Hajiya, dakata," in ji wanzamin. "Cire hannunki daga nan."

Yadda ya faɗa ba wasa a ciki. Ya aje askar. Ya tambayi abin da ya sami idon yaron, na ce kwalli ne mai naci. Ya tambaya ko ya faɗi, aka ba shi labarin amalanke. Sai ya buɗe zabirarsa ya ciro wani farin ƙyalle, ya sa yaron ya duƙa, ya tara. Muka ga ruwan yana zuwa ɗis, ɗis, ta kafar hanci ta hagu kaɗai, garai-garai kamar na randa, ba yauƙi ko kaɗan. Ya shanya ƙyallen a kan katanga cikin rana, ya koma ya ƙarasa askinsa. Da ya gama ya ɗauko ƙyallen ya miƙo mini ya ce in murza. Na murza, laushi, kamar ba abin da ya taɓa shi.

Ya ce majina in ta bushe sandarar da ƙyalle take yi, kowace uwa ta san haka. Na sani kuwa, gefen zanena shaida ne. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan a wani mutum da babur ya kayar a hanyar Gidan Goga, da baƙin idon da ruwan duka, danginsa suka ce mura ce, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sanƙare, aka kai shi asibiti a makare. A can ne aka gaya musu ruwan daga cikin kai yake zuwa. Wata tsohuwa ta ce a ɗiga masa man shanu a hancin a toshe da auduga, wata ta ce a kira mai ɗori.

"Wannan ba aikina ba ne, ba na mai ɗori ba ne," in ji shi. "Kar a ɗura masa komi, kar a toshe, kar ya sake fyacewa. Kuma kar a ɗora shi kan babur. A nemo mota yanzu."

Surukina yana waje ana fiɗar rago aka gaya masa. Ya shigo hannunsa da jini, ya wanke, ya sunkuya a gaban mutane duka ya ɗauki ɗansa na fari, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ni da shi tun da ya auri ɗiyata magana ba ta wuce gaisuwa, shi ma daga nesa yana durƙushe. Ranar muka shiga mota guda, kan yaron a cinyata, ƙafafunsa a cinyar uban.

A ƙaramin asibitin Bakura ma'aikacin ya duba, ya ji labari, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Mafara. A Mafara likita ya haska masa ido da tocila, ya leƙa kunnuwa, ya duba bayan kunne, ya sa ya matse masa yatsu. Ya ce yana zargin ƙashin kai ya tsage daga ƙasa, amma sai an yi hoton da ke ganin ciki, kuma na'urar tana Sakkwato. Aka sa mu a motar asibiti tun rana na tsaka, don a isa da haske. Muka wuce ta bakin unguwarmu ina hango bishiyar ƙofar gidana, ban ko tuna da kaji ba.

A Sakkwato muka ga na'urar, wata aba ce mai baki zagaye kamar an tayar da bakin rijiya tsaye. Maigida ya tambaya ko haɗiye shi za ta yi, mai aikin ya ce ba ta cin masu kwanciya shiru. Ya kwanta shiru, gadon ya shiga da shi ya fito da shi.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta nuna mana hoton, ni dai ban ga komai ba sai fari da toka-toka. Da ta lura, sai ta ɗauki kwanon shan da na zo da shi, mai murfi. Ta ce mutane suna ɗauka kai murfi ne kawai, inda ake aski. Ta ƙwanƙwasa gindin kwanon ta ce kai yana da ƙasa, a kansa ƙwaƙwalwa take zaune, saman idanu da hanci da kunnuwa, kuma wani wurin bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Can ne ya tsage. Ƙwaƙwalwa kuma tana cikin ruwa ne, an naɗe ta da tantani, tsagar ta yagi tantanin kaɗan, shi ne ruwan ya sami hanya ta hanci. Baƙin idon jini ne da ya tsattsafo daga tsagar ya kwanta a ƙarƙashin fata. Ta ce abin godiya, ba jinin da ya taru a ciki yana danne ƙwaƙwalwar. Abin tsoro guda ne: ƙofar da ruwa ke fita, ta nan ƙazantar hanci za ta iya shiga, in ta shiga kuwa sanƙarau ne.

Sanƙarau ba sai an yi mini bayaninsa ba. Shi ya ɗauke ƙanena a Faru muna yara.

Ta nuna wasu 'yan baƙaƙen ɗigo a hoton ta ce iska ce ta shiga, ta tambaya ko yaron ya riƙa fyace hanci. Surukina ya sunkuyar da kai. Na ce ba shi ya riƙa ba, ni na sa shi, wuni guda cur, har ina ce masa da ƙarfi. Na jira faɗa. Sai ta dafa hannuna.

"Inna, duk uwar da ke ƙasar nan abin da za ta yi ke nan," in ji ta. "Iskar kaɗan ce, jiki zai shanye ta. Daga yau dai an bari."

Na tambaye ta ta ina za a yi ɗorin, tun da karaya ce. Ta yi murmushi ta ce wannan karayar ba ta da kara ba ta da tsumma, kwanciya ce ɗorinta. Zai kwanta an ɗaga kan gadon, ba sunkuyo, ba fyacewa, ba yunƙuri, har magani za a ba shi don kar ya yi nishi wurin bayan gida. In atishawa ta zo ya buɗe baki ya sake ta. Ta ce a yara sau da yawa yagar kan haɗe da kanta cikin 'yan kwanaki. In ta wuce mako tana zuba, to za a yi maganar rage ruwan ta ƙashin baya, ko aiki ta cikin hanci a liƙe wurin. Aikina ni shi ne in sa ido a kan zafin jiki, da wuya, da yawan barci, da amai, in kuma riƙe yaro ɗan shekara bakwai a kwance.

Wannan na ƙarshen ne aiki. Kwana biyu ciwon kai ya riƙe mini shi, a na uku ya fara neman sauka. A nan surutuna, da aka daɗe ana yi mini gorinsa, ya yi rana. Na ba shi labarin Faru gida-gida, da jakin kakansa da ba ya tafiya sai an yi masa kirari, da ranar da na faɗa rijiyar lambu ina budurwa aka jawo ni da igiyar guga. Da labaran gaskiya suka ƙare na shiga ƙari. Matar gadon da ke kusa da mu ta ce ita ma ta daina jin tsawon wuni. Sai dai in na ga zai ƙyalƙyale da dariya in yi maza in karya labarin, don dariyar ma tsoronta nake ji.

Hannuna kuma ya ƙi jin magana. An liƙa masa 'yar auduga sako-sako a ƙarƙashin hanci tana tare ruwan, amma da na ga ta jiƙe sai in tsinci hannuna a hanya da gefen zane. Shi yake kama ni. Sai ya ce, "Tsohuwa, hannu." Har ya yi mini alkawarin zai kai ƙarata wurin likita a ba shi wata matar. Daga baya na koma zama a kan hannun dama, da gaske nake gaya miki, a kan tafin nake zama.

Ma'aikatan jinya suna zuwa a kai a kai, su tambaye shi sunansa da inda yake, su haska ido, su ce ya yi murmushi, ya runtse ido, ya ɗaga gira, su yi masa raɗa a kowane kunne. Likitar ta ce irin wannan tsagar wani lokaci takan taɓa jijiyar fuska ko ta ji, shi ya sa. Da ya haddace, suna doso gadon sai ya fara yi musu duka a jere tun ba su tambaya ba.

A kwana na huɗu da hantsi na taɓa goshinsa na ji zafi. Na sake taɓawa da bayan hannu, zafi ne. Ban san lokacin da na isa teburin ma'aikatan ba, ba ko takalmi. Likitar ta zo ta sa hannu a ƙeyarsa ta lanƙwasa kan a hankali har haɓarsa ta taɓa ƙirji, tana kallon fuskarsa. Bai yi ƙara ba. Ta ce wuyan da laushi, amma ba za ta saki jiki ba, a ɗebi jini, in ba a ga dalili ba za ta ɗebi ruwan baya ta duba. Surukina ya fita ya kira gida. Ya dawo ya miƙo mini wayar, na ji muryar ɗiyata, ta kama sunan ɗanta, sau ɗaya, ta ce in gaya mata gaskiya. Na ce gaskiyar ita ce muna jira.

Bayan azahar sakamako ya fito, zazzaɓin sauro ne. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi wa zazzaɓin sauro maraba ba. Aka sa masa magani, aka ci gaba da lanƙwasa wuyan safe da yamma, washegari jikin ya yi sanyi.

Audugar ta fara daɗewa ba a canja ba. A kwana na shida aka cire ta a bushe. Na so in yi guɗa, likitar ta ce in adana ta tukuna. Sai a na takwas ta zaunar da shi a bakin gado, ta sa ya sunkuyar da kai kamar yadda wanzamin ya sa shi, ta tara farar auduga. Muka tsaya muna kallon kafar hancin hagu, ni da ita da uban. Ta daɗe tana tare. Maigida ya gaji ya tambaya ko kuɗi ne suka faɗi ake nema. Ta ɗaga audugar ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini. A bushe take.

Guɗar ba ta fito ba, kuka ne ya zo. Na yi wa likitar nan addu'a har ta rasa inda za ta sa kanta, na yi wa iyayenta, na yi wa malaman da suka koya mata. Ta sallame mu da sharuɗɗa: ba hawa, ba ƙwallo, ba fyacewa sai ta ba da izini, mu dawo ta sake dubawa, in kuma an ga ruwa ko zazzaɓi da ciwon kai, ko bayan watanni ne, a taho ba jira. Baƙin idon ya koma kore-kore, ya koma ruwan ɗorawa, ya ɓace. Jin ƙamshi ne ya ɗan yi masa nisa, ta ce mai yiwuwa ya dawo a hankali. Wanzamin kuwa da ƙafata na je Dakko na same shi da zakarana mafi girma. Ya ce shi me ya yi, ƙyalle kawai ya shanya. Na ce ya karɓa ko in zauna in ba shi labarin tun daga farko, ya yi maza ya karɓa.

Mako uku da dawowarmu gida ina daka yaji a tsakar gida, na manta shaf yana zaune a bayana. Sai na ji ya ja numfashi, ya sake ja. Kafin in aje taɓarya ya saki atishawa, baki buɗe yadda aka koya masa, har kaji suka watse. Na durƙusa a gabansa, hannuwana biyu a baya, ina leƙen hancin. Na jira. Na sa shi ya sunkuya, na sake jira. Ba ko ɗigo.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya dube ni, ya ce, "Tsohuwa, ba ki amsa mini ba."

Na amsa masa. Tun ina yarinya nake faɗin alhamdu lillahi bayan atishawa, kamar yadda ake kaɗe zane in an tashi, ban taɓa tsayawa na ji abin da nake gode wa ba sai ranar. Ke fa, 'yar'uwa, da kika yi atishawa ta ƙarshe kika ce alhamdu lillahi, me kika gode wa?